Zauren Mai Magani: Daga Kunun Zaƙi Zuwa Kafson Amoxicillin

Assalamu alaikum masu karatu. Cikin wasiƙun da suka taru a teburina tun bayan ƙaramar Sallah, na ware guda bakwai da kalma ɗaya ta haɗa su, duk da masu su ba su san juna ba. Kalmar ita ce enzayim. Wata a aji ta ji ta, wani a jikin kwalin magani ya gan ta, wasu kuma ba su ambace ta ba sam, amma ita ce amsar tambayarsu. Na taƙaita wasiƙun, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Malam Mai Magani, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. Malaminmu ya ce kafson amoxicillin da muke ba marasa lafiya enzayim ne ke ƙera shi. Ni kuwa abin da na sani, enzayim a cikin ciki yake yana narkar da abinci. Me ya kai shi kamfanin magani? Wata ɗaliba, Katsina.

'Yata, gaskiya malaminku ya faɗa miki. Amma kafin mu je kamfani bari mu biya ta madafin kakata a Zariya, don a can na fara ganin enzayim yana aiki tun ban san sunansa ba.

Idan za ta yi kunun zaƙi takan raba ƙullun gero gida biyu. Babban kason ta sheƙa masa tafasasshen ruwa, ya kama, ya yi kauri har muciya ta tsaya a ciki. Ƙaramin kuwa ɗanye take barinsa, ta zuba masa busasshen dankalin Hausa da ta daka. Ba ta haɗa su nan take. Sai ta jira tana taɓa jikin roba da bayan hannu har zafin ya sauka, sannan ta juye, ta gauraya, ta rufe. Da asuba in an buɗe, abin da aka bari da kauri ya tsinke, ga zaƙi tun ba a sa sukari ba. Wata rana ta bar mini aikin ta tafi barka, ni kuma ƙwallo na kirana a waje, na juye dankalin tun abin yana tururi. Washegari kunu yana nan yadda na bar shi, kauri kirtif, lami. Na sha rankwashi, kuma ban ce an zalunce ni ba.

A cikin dankalin nan akwai wani furotin mai suna amilas, aikinsa ya datsa sitaci gutsi-gutsi ya mai da shi sukari. Irinsa ne a yawunki, shi ya sa in kin daɗe kina tauna burodi za ki ji ya soma zaƙi. Tafasasshen ruwa yana dafa shi kamar yadda yake dafa ƙwai, dafaffen ƙwai kuwa ba ya komawa ɗanye. Abin da na yi wa kunun kakata ke nan.

Nakan kwatanta enzayim da dillalin kara. Ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi sallama, ya saki hannu ya juya ga na gaba, shi bai ƙaru ba bai ragu ba. Dillalin shanu kuma ba ya shiga cinikin goro, kowa da hajarsa. Inda suka bambanta, wannan ba ya karɓar la'ada, kuma saurinsa ya wuce misali. Kumfar da kike gani idan an zuba ruwan wanke ciwon nan da ake kira haidurojin a kan rauni aikin wani enzayim ne da ke cikin jini da nama, wanda ƙwaya ɗaya tasa ke ƙulla ciniki miliyoyi a daƙiƙa guda.

To, yanzu kamfani. Penisilin na asali, wanda Alexander Fleming ya lura da shi a Landan a 1928, funfuna ce ke yin sa, kuma har gobe ita ce. Ana kiwonta a manyan tankuna ana ciyar da ita sukari. Sai dai tsamin ciki yana lalata wannan penisilin, don haka galibi sai da allura, kuma akwai ƙwayoyin cuta da yawa da bai iya taɓawa. Ki ɗauki ƙirarsa kamar gatari: akwai ruwan gatarin, akwai ƙota. Ruwan ne ke sara, ƙotar ce ke nuna inda saran zai kai. A ƙarshen shekarun 1950 masu bincike na kamfanin Beecham a Ingila suka samo ruwan gatarin shi kaɗai, wanda ake kira 6-APA. Daga nan sai canza ƙota. Aka sa wata aka samu ampicillin a 1961, aka sa wata aka samu cloxacillin, su biyun ne Ampiclox ɗin da kowa ya sani. A 1972 amoxicillin ya fito.

Wahalar tana wajen cire tsohuwar ƙotar ba tare da ruwan gatarin ya tsage ba, don abu ne marar ƙwari. Da, da sinadarai masu guba ake yi, cikin sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, a kwashe magani a bar tulin dagwalo. Sai aka koma ga wani enzayim da ake samu a jikin bakteriya, penisilin asilas. Shi a cikin ruwa yake aiki, da ɗumi kamar na jikin mutum, kuma gaɓa ɗaya tak yake yanka, kamar gwanin mahauci da ba ya fasa ƙashi. Ana manna shi a jikin wasu 'yan duwatsu kamar tsakin yashi, in an gama a tace a sake amfani da su sau ɗaruruwa. In kuma an sauya masa yanayi, shi ɗin dai ne ke ɗaura sabuwar ƙotar. Dubban tan ake yi ta wannan hanya kowace shekara.

Akwai ƙarashen labarin da ya kamata ma'aikaciyar jinya ta riƙe. Shi maganin, in ya shiga jiki, wani enzayim yake zuwa ya toshe, wanda ƙwayar cuta ke gina katangar jikinta da shi. Ita ma ba ta zauna ba, tana da nata enzayim ɗin mai fasa ruwan gatarin. Edward Abraham da Ernst Chain sun ba da labarinsa a Oxford tun 1940, kafin ma a yi wa majinyaci na farko magani da penisilin ɗinsu a 1941. Saboda shi ne aka haɗa amoxicillin da clavulanic acid a Augmentin, wanda ya fito a 1981. Shi clavulanic ɗin ba kisa ne aikinsa ba, riƙe hannun mai fasa gatarin yake yi. Ba ya jure zafi da danshi, shi ya sa na ruwan yara in an haɗa shi sai firji, kuma bayan kwana 7 a zubar. Gindin randa ya fi kan taga, amma bai kai firji ba. In kin ga ya rine ya yi duhu, ya tashi aiki. Duk wanda kuma kika ga ya sayi kafso huɗu ya sha ya ce ya warke, ki gaya masa ya kashe raunanan ne ya bar wa masu fasa gatari fili.

Ranka ya daɗe, shekara uku ke nan ina shan lisinopril saboda hawan jini. Ɗana ya ce wai da dafin maciji ake yin sa. Gaskiya ne? Ga kuma wani busasshen tari da ya ƙi barina. Wani dattijo, Gusau.

Alhaji, ka kwantar da hankalinka, babu ɗigon dafi a ƙwayar da kake haɗiya. Amma yaron bai ƙaga labarin ba, ya dai ji ƙarshensa ne bai ji farkonsa ba.

A Burazil akwai wani maciji mai suna jararaka, wanda in ya sari mutum jininsa kan faɗi warwas. Wani likitan ƙasar, Sergio Ferreira, ya gano a 1965 cewa wasu ƙananan sinadarai ne a dafin ke jawo haka. Daga baya aka fahimci suna toshe wani enzayim ne na jikinmu, wanda ke haɗa sinadarin da ke matse jijiyoyin jini. Ka san in an matse bakin tiyo ruwa kan ƙara ƙarfi. To in an toshe enzayim ɗin sai jijiya ta saki, jini ya sauka. Mutum biyu a kamfanin Squibb na Amurka, Miguel Ondetti da David Cushman, suka zauna suka yi nazarin siffar bakin wannan enzayim, suka ƙera abin da zai shige shi daidai. Shi ne captopril, aka amince da shi a 1981. Lisinopril ƙaninsa ne. Darasi aka ɗauka wajen maciji, ba dafinsa ba.

Haka ake samo magunguna da yawa: a nemo enzayim ɗin da cuta ta jingina da shi, a ƙera masa toshi. Asfirin haka yake aiki, ko da yake an fi shekara saba'in ana shan sa kafin John Vane ya gano hakan a 1971. Fansidar ma haka, da magungunan ƙanjamau, da na rage kitsen jini.

Tarin kuwa ina kyautata zaton daga maganin ne. Shi wannan enzayim aiki biyu gare shi, na biyun shi ne share wani sinadari da ke sosa maƙogwaro. An toshe shi, sai sharar ta taru. Maganin tari ba zai yi maka komai ba, kada ka ɓata kuɗinka. Kada kuma ka daina sha da kanka. Ka koma wurin likitanka, ya duba ƙirjinka ya tabbatar ba wani abu ba ne, sannan akwai irin su losartan da amlodipine da zai iya canza maka. Wani bincike da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka buga a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. In kuwa ka wayi gari leɓe ko harshe ya kumbura, wannan ba na jira ba ne, asibiti kai tsaye.

Malam, an yi wa maigidana aiki a ciki, likita ya rubuta masa kafson da zai riƙa sha da kowane abinci. Da muka sa aka karanta mana takardar ciki sai muka ji daga alade ake samo shi. Ya ajiye ya ƙi sha. Ni kuma ina allurar insulin, an ce ita ma haka. Ina mafita? Wata baiwar Allah, Maraɗi.

Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Bari in fara da taki, don ta fi sauƙi. Tun daga 1922 har shekara sittin bayan nan, daga jikin shanu da aladu ake tatso insulin. Na alade ya bambanta da na mutum da ɗigo ɗaya ne cikin ɗigo 51 da suka haɗu suka yi insulin, har kamfanin Novo na Denmak ya riƙa amfani da wani enzayim yana cire ɗigon yana sa na mutum. A 1982 aka fito da wata hanya dabam. Da wasu enzayim masu aikin almakashi da allura aka ɗinka umarnin yin insulin na ɗan Adam a jikin bakteriya, daga baya kuma yis, irin dangin na burodi. Mixtard da Actrapid da Humulin da kike gani a kemis yau duk ta haka ake yin su, a tanki. Ki ci gaba da allurarki.

Na maigida kuwa, abin da aka karanta muku haka yake. Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, ita ke zubo enzayim ɗin da ke narkar da maiƙo da nama da sitaci. In ta gaza, ko an yanke wani ɓangarenta, mutum zai ci abinci ya wuce ta cikinsa a banza, bayan gida ya yi maiƙo da wari, jiki ya yi ta zubewa. Kafson yana maye gurbin abin da ya rasa ne, kuma masu ƙarfin da aka tabbatar da ingancinsu daga fankiriyas ɗin alade ake haɗa su. Akwai waɗanda ake samu daga funfuna, tun 1894 wani Bajapane, Jokichi Takamine, ya yi rajistar irinsu a Amurka. Suna taimaka wa mai kumburin ciki, amma ba zan yaudare ki in ce za su riƙe wanda aka yi wa irin wannan aiki ba.

Ni famasis ne, ba mai fatawa ba. Abin da na sani, malamai da dama sun yi magana a kan larura idan babu madadi kuma likita amintacce ya tabbatar. Shawarata, ku je wurin malamin da maigida ya yarda da shi, ku tafi da bayanin likita a rubuce: me zai faru in bai sha ba, kuma akwai madadi ko babu. Malami ba zai yi hukunci daidai ba in rabin zance aka kai masa. Ku yi wannan cikin makon nan, kada a bar shi yana ramewa ana jiran a ga hali. In ya koma sha, tare da loma ta farko ake haɗiya, kuma ba a taunawa.

Oga, ina da ƙaramin kemis. Ana yawan zuwa da takarda an rubuta serratiopeptidase ko chymotrypsin don kumburi, kuma suna da tsada. Suna aiki kuwa? Wani mai kemis, Sabon Gari, Kano.

Ɗan'uwa, za ka sa abokan sana'a su yi fushi da ni, amma tunda ka tambaya. Enzayim furotin ne, ciki kuwa aikinsa ke nan narkar da furotin, bai san na magani ba bai san tsire ba. Ko an lulluɓe ƙwayar ta tsallake tumbi, samun ta ratsa hanji ta shiga jini da yawan da zai je ya sauke kumburi a ƙafa, wannan magana ce da hujjarta ba ta da ƙarfi. Serratiopeptidase daga wata bakteriya aka samo shi da ke cikin hanjin tsutsar alharini. Kamfanin Takeda na Japan ya yi shekaru arba'in da wani abu yana sayar da shi da sunan Dasen. Da aka sake gwada shi gefe da gefe da ƙwayar da ba komai a cikinta, bai nuna fifiko ba, kamfanin ya janye shi da kansa a 2011. Mai abu ya ajiye abinsa, mu muna nan muna rubutawa.

Enzayim da suke magani na haƙiƙa, in ka cire masu aiki a cikin hanji ko a kan fata, ta allura ake ba da su. Streptokinase da alteplase suna narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar zuciya. Asparaginase yana cikin ginshiƙan maganin sankarar jinin yara, kuma labarinsa na da daɗi: a 1953 wani mai bincike, John Kidd, ya ga ruwan jinin ɓeran Masar yana narkar da ƙari a jikin ɓeraye, sai bayan shekaru aka gane enzayim ne da ke cinye wani abincin da ƙwayar sankarar ba ta iya haɗa wa kanta. Yunwa yake kashe ta da ita.

Kai dai ba za ka canza takardar likita ba. Amma in mutum ya zo kuɗinsa ba su kai ba, yana shawarar wanne zai bari tsakanin maganin kashe ƙwayar cuta da wannan, ka san wanda za ka ce ya ɗauka. Masu yawo da roba a mota suna cewa enzayim ne mai wanke jini da hanta da mara, waɗannan ko amsa ba su cancanta ba.

Malam, ƙanwata tana shan maganin tarin tibi, kuma tana da ashanar tazarar haihuwa a hannu, sai ga ciki. Mijinta ya ce jabu aka sa mata. Haka ne? Wata yaya, Bauchi.

Hajiya, da wuya a ce jabu ce. Na fi zargin rifampicin, wato maganin nan da ke mai da fitsari ja.

Hanta tana da wata runduna ta enzayim da aikinsu farfasa duk baƙon abin da ya shigo jini don a fitar da shi. Rifampicin yana sa hanta ta ƙara ɗaukar ma'aikata, sai su riƙa cinye sinadarin ashanar kafin ya yi aikinsa. Ƙwayoyin sha na tazara ma haka yake yi musu, kuma abin kan ci gaba har kusan wata guda bayan an gama maganin tarin. Allurar wata uku da robar da ake sawa a mahaifa su ne ba ya kayarwa. Kamata ya yi a tambaye ta tun ranar farko, kuma na sha ganin an manta. Ni kaina na taɓa miƙa wa wata mata maganin nan ban tambaya ba, layi ya yi tsawo, sai da ta kai ƙofa na tuna na sa yaro ya kira ta. Yanzu dai kada ƙanwarki ta daina maganin tarin saboda cikin, ta gaya wa masu ba ta, ta kuma fara awo. Mai shan maganin ƙanjamau ma ya faɗa, don akan ninka masa dolutegravir ya koma safe da yamma. Har maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem rifampicin na rage wa ƙarfi.

Saboda irin wannan ne duk sabon magani, tun yana ɗakin gwaji, sai an zuba shi a kan enzayim ɗin hantar mutum an ga wanne ke cin sa, da saurin da yake ci. An koyi haka ne da tsada. Akwai wani maganin atishawa da ƙaiƙayi, terfenadine, da ya yi kasuwa sosai, sai aka ga in an haɗa shi da erythromycin ko ketoconazole, masu ɗaure hannun enzayim ɗin, yakan taru ya rikita bugun zuciya. Aka janye shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1990. Abin da hanta ke mai da shi kuwa, fexofenadine, shi ake sayarwa yanzu lafiya lau.

Kuma hantar kowa da irin rundunarta. Kodin ba ya aiki sai wani enzayim ya juya shi ya zama mofin. Wani nasa ba ya motsi, ya sha bai ji komai ba. Wani nasa gudu yake, wani bincike a Habasha ya samu kusan mutum 29 cikin 100 haka suke. Kwalba ɗaya, abokai biyu, ɗaya ya yi layi ɗaya numfashinsa ya tsaya. Ko da gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, ni wannan ne abin da na fi tuna wa matasan unguwarmu.

Yallaɓai, ni injiniya ne. In dai ruwa da ɗumi kawai enzayim ke buƙata, me ya hana mu yin garin maganinmu a nan? Wani mai karatu, Kaduna.

Injiniya, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Bayan bautar ƙasa na yi 'yan shekaru a wani kamfanin magani a Legas. Ranar farko da aka kai ni sito, na ga durom-durom na kwali jere, kowanne kilo 25, an rubuta Indiya ko Sin a jiki. A buɗe, farin gari cikin leda biyu. Mu namu mu auna, mu gauraya, inji ya ɗura a kafso, mu manna takarda. Aiki ne mai muhimmanci, ban raina shi ba, amma ƙosai muke soyawa da ƙullun da wani ya markaɗa. Ran da jirgi ya makara ko dala ta tashi, inji ya yi shiru.

Su kuwa can sun wuce neman enzayim a daji, kiwonsa suke yi. Frances Arnold ta Amurka ta nuna hanyar a 1993, ta samu kyautar Nobel a 2018. Yadda manomi ke ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye iri, haka ake yi: a yi wa enzayim sauye-sauye barkatai, a gwada dubbai, a ɗauki wanda ya fi, a sake. Misalin da na fi so shi ne sitagliptin, maganin ciwon suga na kamfanin Merck. Ƙwayoyin magani da yawa kamar takalmi suke, akwai na dama akwai na hagu, kuma ƙafa ɗaya ce ke shiga jiki daidai. Da, sai da wani ƙarfe mai tsadar gaske, rodiyam, da iska mai matsanancin matsi ake samun ƙafar da ake so, sannan a sha wahalar tsame ƙarfen. Merck da kamfanin Codexis suka ɗauki wani enzayim da ko kallon wannan haja ba ya yi, suka bi shi zagaye 11, suka sauya masa wuri 27. A 2010 suka ba da sanarwa: ƙafar dama zalla, amfani ya ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100, shara ta ragu da kashi 19.

Sai dai ilimi kaɗai ba ya riƙe masana'anta. An ɗauki enzayim ɗin ganyen da ake samun artemisinin, uwar maganin zazzaɓinmu, aka dasa wa yis, Gidauniyar Gates ta zuba kuɗi, Sanofi ya buɗe masana'anta a Italiya a 2013. Sai manoman ganyen suka samu albarka, farashi ya faɗi, na tanki ya kasa gogayya. A 2016 aka sayar da wurin. Wannan a Turai ke nan.

Tankin kiwon funfuna yakan yi kwanaki yana juyawa ana hura masa iska. In wuta ta ɗauke na awa ɗaya, abin da ke ciki ya shaƙe, ka yi asarar duka. Yana son ruwa mai tsabtar gaske, da sukari mai arha, da mai saye da zai yi alkawarin shekaru. Masara da rogo muna da su, yaran da suka karanta fannin suna nan suna sayar da data. Da ni za a tambaya, ba da penisilin za mu fara ba, don Sin ta riga ta karya farashinsa. Mu fara da amilas ɗin da ke mai da sitacin rogo ya zama gulukos, mu kai shi matsayin da zai shiga ledar ƙarin ruwa. Wutar kuwa, Injiniya, a wurinku muke jira.

Baba Mai Magani, jaririna ya yi shawara kwana uku da haihuwa. A asibiti sun ce wani enzayim ne ya yi masa ƙaranci, har sun hana ni sa kafur a kayansa. Mene ne haɗin? Wata mai jego, Damagaram.

'Yata, barka da arziki, Allah ya raya. Sunan enzayim ɗin G6PD, shi ke tsare jajayen ƙwayoyin jini kada su fashe. Gado ne, ya fi kama maza, kuma mutum kusan miliyan 400 ke da wannan ƙaranci a duniya, da yawansu a Afirka. Yaro zai yi rayuwarsa lafiya in an kiyaye masa wasu abubuwa. Farin kafur ɗin nan na cikin akwati yana shiga ta fata da numfashi ya farfasa masa jini, shi ne idon ke yin ɗorawa. Lalle ma kada a shafa masa. In ya girma akwai magungunan da sai an yi hattara, irin su primaquine da dapsone da nitrofurantoin. Wani maganin zazzaɓi mai suna Lapdap saboda masu irin jininsa aka janye shi a 2008.

Ki fitar da kafur ɗin daga ɗakin gaba ɗaya, kayan da suka kwana da shi a wanke a shanya su sha rana, har zannuwanki da kike goya shi da su. In kin ga idon ya ƙara rinewa, ko ya ƙi kama nono, ko kukansa ya canza, kada a tsaya shanya shi a hantsi ko ɗura masa ruwan gulukos da Ampiclox, a koma asibiti a sa shi a fitila. Ki sa a rubuta G6PD da manyan baƙi a bangon katinsa na rigakafi, ki riƙa nuna wa duk wanda zai rubuta masa magani.